Simintin Malbaza

Shekarun da na yi ina koyarwa a jami'a a Faransa, kan abu ɗaya na ƙarar da su: yadda zanen bangon Andalus na zamanin dā ya biyo ayarin raƙuma ya ƙetaro Sahara. Mahaifina bai taɓa gane wannan aiki ba. In an tambaye shi sai ya ce ɗansa yana can yana karatun bango.

Ni kuwa na san inda na fara ganin zanen. A tsohon masallacin ƙauyenmu ne, kusa da Alela. Saman inda liman ke tsayawa akwai taurari sarƙe da juna, waɗanda maginan dā suka ƙwaƙule a jikin laka. Ina yaro su nake kallo har a sallame. Ranar da na ga irinsu a hoton wani ginin Andalus, sai da na nemi wurin zama. Ban da hoton namu ko ɗaya. Masallaci ne, ina za shi?

Wani abokin aikina ɗan Maroko, wanda ya fi ni sanin fannin, ya yarda ya zo ya gani da idonsa. In ya gaskata, littafin da nake rubutawa a kan zanen ya tsaya da ƙafarsa. Na aika gida ta bakin wani direban Konni cewa ina tafe da babban baƙo, masallaci zai duba.

Mun iske gari ya fito tarye. Masallacin ya sha siminti ciki da waje, sumul, an bi shi da koren fenti. Na shiga na shafa bangon. An kankare lakar har da taurarin kafin a yaɓa, don simintin ya kama.

Mahaifina ya biyo ni yana fara'a, tafin hannunsa duk ya tsattsage.

"Da amalanke munka ɗauko simintin tun daga Malbaza," in ji shi. "Munka ce ba mu bari baƙonka shi ishe mu cikin laka, shi raina ka."

Abokina ya sunkuyar da kai, ya koma waje.

"Ya yi mishi kyau dai ko?" in ji mahaifina.

Na dubi hannuwan tsohon, na ce, "Ya yi, Baba. Allah shi saka."