Jjaja Nakalembe da yaron da ta hana shi yin shiru

Kafin a sauke kunun safe a gidan renon jarirai da ke bayan garinmu Masaka, Jjaja Nakalembe, wato Kaka Nakalembe a harshenmu, ta riga ta shiga ɗakin yara. Takan bi gadaje tana kiran kowa da sunansa, ta ɗaga wannan, ta share wa wancan majina, sannan ta goya ɗaya ta tafi wanki. Ta tsufa a wannan aiki, kuma ban taɓa jin an ambace ta a wajen taro ba.

Gidan yana da doka: kowane wata sai a sauya wa masu reno ɗaki, wai don kada yaro ya shaƙu da kowa. Baƙi kan yaba da yadda ɗakunan suke tsit. Ita kuwa Jjaja takan ce mini, "Kuka ai kira ne, 'yar nan. Wanda ya daina kira ya gane babu mai zuwa." Na karanta littattafai da yawa a kan zuciyar yaro, babu wanda ya sa ni hawaye kamar wannan magana.

An kawo Kizza yana jinjiri bayan rasuwar uwarsa. Ya kai shekara biyu ba ya kuka, ba ya dariya, sai dai ya zauna yana jijjiga kansa. Duk baƙon da ya shigo zai bi, duk wanda ya fita bai dame shi ba. Da wata ya ƙare, Jjaja ta ƙi barin ɗakinsa. Aka yi mata faɗa, ta ƙi.

Nabatanzi mai girki ta ce kullum yana goye a bayan Jjaja har wajen feraye ayaba. Takan tsokane ta, "Tsohuwa, wannan sabon mijin naki ba ya sauka ne?"

"Kishi kike, don naki ko kallonki ba ya yi."

Wata rana Jjaja ta ajiye shi ta fita shanya, sai ya tsala ihu. Nabatanzi ta rantse ta ga tsohuwar ta saki kwando tana dariya tana kuka.

Watan jiya aka sallami Jjaja daga aiki saboda shekaru. Ta roƙi a ba ta yaron, aka ce ɗakinta ɗaya ne kuma ƙarfinta ya ƙare. Ranar tafiya sai da mutum biyu suka ɓamɓare shi daga zanenta. Shugabar gidan ta ce, "Kin ga abin da muke gudu ke nan."

Jjaja, ke ce bayan da bai gaji ba. Kin tambaye ni ko kin cuce shi. Har yanzu ban san wanne ya fi ciwo ba, a rasa uwa sau biyu ko a girma ba a san akwai ta ba.

Ranar Lahadi ta kai masa ziyara. Da ya gan ta, sai ya juya fuskarsa ga bango. Ta zauna a ƙasa kusa da shi har la'asar, bai waiwayo ba.

Mun gode, Jjaja. Ku kuma da kukan zo na wuni ɗaya ku rungumi yara ku tafi, ina roƙonku ku zaɓi yaro ɗaya ku dawwama gare shi kamar yadda ta yi. Lahadi mai zuwa ma za ta je, ko ya dube ta ko bai dube ta ba.