Wasan Telan da Na Kulle a Durowa

Duk shekara bayan babbar salla, ƙungiyarmu ta unguwar Sabo a Ibadan takan ba da lambar yabo ta waƙa, ta rubutu da ta wasan kwaikwayo. Ni ne mai karɓar takardun gasa, ba don ilimi ba, don dai shagona yana bakin titi. A aji uku na sakandare na tsaya.

Wata shekara wani tela, ƙanen abokina, ya kawo wasansa a littafin makaranta. Labarin masu sauke buhunan albasa ne a kasuwar Bodija. Na yi dariya har da hawaye, domin mutanensa suna magana yadda muke yi, Hausa da Yarabanci da Turancin kasuwa a baki ɗaya. Sai kunya ta kama ni. Alƙalin gasar malami ne da muke gayyatowa daga Kano, mu kuwa haifaffun Ibadan kullum tsoronmu kada ɗan Arewa ya ce Hausarmu ta lalace. Na jefa littafin a durowa na kulle.

Wasan da ya ci labarin wani ƙauyen Arewa ne, kuma marubucinsa bai taɓa wuce tashar motar Ojoo da ke nan Ibadan ba. Muka tafa masa kamar ba mu sani ba.

Da telan ya tambaye ni, na ce malamin ya karanta, ya ce wannan ba Hausa ba ce. Ƙarya na yi, malamin ko bangon littafin bai gani ba. Daga nan telan bai ƙara rubutu ba. In baƙon Arewa ya kawo ɗinki, sai ya riƙa tauna magana, mutumin da a da ba a gajiya da hirarsa. Abin da ke ƙona mini rai, har yau kwamitinmu da wannan kunyar yake tace takardu, kuma ni na fara.

Bara na kai masa littafin, na faɗi gaskiya, na ce ya sake shiga gasar. Bai tsayar da keken ɗinkinsa ba sai da ya kai ƙarshen layin ɗinkin.

"Yaya, da ka ce kai ne ba ka so, da na yi maka gardama," in ji shi. "Amma ka ce malami. Wa zan yi wa musu?"

Ya ce ya yafe, don Allah. Littafin kuwa ya turo mini, ya ce wanda ya rubuta shi ya daɗe da barin Sabo.