Labbo Mai Fenti da Biran Fadamar Gangara

Labbo mai fenti ya fi shekara ashirin yana zana zaki da gaggafa a bayan motocin da ke lodi daga Sabon Birni zuwa Maraɗi, ni kuwa rumfata ta facin taya tana jingine da tasa. Mutum ne mai shiru har ya ba ka haushi. Kuma ba ya ɗora buroshi a kan abin da bai zauna ya ƙare wa kallo ba. Zakin ma sai da ya kashe kuɗin mota ya je gidan namun daji ya gano shi.

Bara da kaka Malama Nusaiba, mai koyar da kimiyya a wata makarantar 'yan mata, ta kawo masa aiki. Wata tsohuwar Baturiya ce ta rasu, wadda ta ƙarar da ƙuruciyarta a daji tana nazarin manyan biran nan marasa wutsiya da ake kira cimfanzi. Malama na so a zana ɗayansu a bangon aji don tunawa da ita. Ta nuna masa hoto a waya. Labbo ya ce fuska ta fito, amma hannu bai fito ba, dole ya ga yadda biri ke riƙe abu.

Sai ya shiga hawa kekensa da hantsi, ya nufi fadamar Gangara inda jan biri ke ɓarnar dawa, ya zauna gindin tsamiya da littafi da fensir. To, a ƙasar da 'yan bindiga suka hana mu noman gonakin nesa, wa ke zuwa bakin daji shi kaɗai kwana shida a jere ya dawo lafiya lau? Ba zan ɓoye muku ba, ni ma zuciyata ta raya mini. Na fara kasa kunne in wayarsa ta yi ƙara. Na lura ya sayi sabon takalmi. A teburin mai shayi aka ce ruwa ba ya tsami banza. Kalmar infoma, wato mai kai wa 'yan bindiga rahoto, ta fara yawo, kuma a nan wanda aka liƙa wa ita ba kasafai yake kaiwa gaban alƙali ba.

Rana ta bakwai 'yan sa-kai suka tare shi a bakin tasha. Shugabansu Sodangi ya karɓe littafin yana buɗawa: hannuwan biri shafi bayan shafi, sai itatuwa da wata 'yar hanya.

"Malam Labbo, wagga hanya hwa? Wa kaka zana ma ita?"

"Nan birai ka biyowa su sha ruwa."

Sodangi ya juyo gare ni. "Kalilu, maƙwabcinka na. Ka tsaya mai?"

Labbo ya dube ni. Mutumin da ya ɗauki makarar mahaifina a kafaɗarsa. Na buɗe baki, abin da ya fito shi ne, "To, Allah kaɗai ya san cikin mutum."

Malama Nusaiba ce ta cece shi. Labari ya kai mata, ta zo a kan kabu-kabu hannunta duk alli, ta nuna musu hoton, ta ce, "Ni nis sa shi aikin ga. In za ku tahi da shi, ku tahi da ni." Sodangi ya yage shafin hanyar, ya mayar masa da littafin, ya ce kada ya ƙara ganinsa a fadama.

Labbo ya gama zanen. Na saci jiki na je na gani: birin na zaune ya riƙe tsinke yana zurawa a suri, yatsun nan kamar na tsoho mai saƙar tabarma. Har yau akwai masu cewa a dai yi hattara da Labbo. Ni kam kunya ce ke cina.

Bayan sati biyu na zo da safe na tarar ya kwashe gwangwanayen fentinsa ya koma can ƙarshen tasha, wajen masu wankin mota. Na bi shi da goro, na ce ya yafe mini. Ya karɓa hannu biyu, ya yi godiya.

"Ba komi, Malam Kalilu," in ji shi.

Tun muna samari bai taɓa ce mini Malam ba.