Katunan da ke Jakar Sa'ida

Asabar ce, ashirin da huɗu ga Agusta.

Ƙarfe shida Sa'ida ta leƙo ɗakina riƙe da rigar jam'iyyarsu. An ɗauke wuta tun asuba, ba ta samu ta goge ba.

Ta ce, "Mama, kuran ya tafi, babu wuta. Haka zan fita kamar akuya ta tauna ni?"

Na ce ai jam'iyyar tasu ma haka take, sun dace da juna. Ta yi dariya, ta sa rigar.

Ƙarfe bakwai ta sha shayi a tsaye. Bakwai da rabi ta ɗauki baƙar jakarta ta fita. A ranar ake bikin ƙarshen hutu na unguwarmu a New Bell, da wasan ƙwallo na ƙarshe da rumfunan ƙungiyoyi, jam'iyyar kuma ta kama rumfa ɗaya.

Shekararta ashirin da shida. Tana buga takardu a wani ofishin fiton kaya a Bonapriso. Mu biyu ne a gida tun rasuwar mahaifinta. Ni labarin ƙasa nake koyarwa a lise, wato sakandare, kuma na daɗe da daina zuwa zaɓe. Ita ma ban taɓa jin ta yabi wani ɗan takara ba. Abin da ya kai ta wurinsu takarda ce. Tun tana da shekara goma sha biyu tsofaffin layinmu ke kawo mata duk abin da aka rubuta da Faransanci, takardar asibiti, ta makaranta, ta kotu, ta karanta musu, ta cike inda ake cikewa. Ba ta da saurin hannu, tana kuma da faɗa idan aka katse ta. Da jam'iyyar ta nemi masu taimaka wa mutane yin rajistar zaɓe, sai ta ga aikinta ne aka sa wa rumfa.

Ƙarfe goma na biya ta filin. Tamfol ne a kan sanduna huɗu, da tebur biyu, da injin fotokopi na aro. An jawo waya daga shagon wani tela, ta ƙetare kwata, an haɗa ta da wata a ƙasa. Su uku ne masu aikin, ba mai biyansu. Babbansu Sulaiman, ɗan maƙwabtanmu, yana kiran mutane da baki don lasifikar ba ta da wuta.

Malam Zaidu mai soya, wato tsire, wanda ya kafa tukubarsa kusa da su, yana ta tsokanarta.

"Hajiya minista, ba ni riga in zaɓe ku."

"Baba Zaidu, riga huɗu gare ka, kowace jam'iyya ɗaya. Ka bari a wanke waɗancan tukuna."

"To, hula fa?"

"Kawo katinka, sai mu yi maganar hula."

Tsarinsu shi ne a kwafi katin shaidar mutum, a rubuta sunansa, ranar Litinin a raka shi wurin rajista kafin a rufe a ƙarshen wata. Da babu wuta, sai Sa'ida ta fara karɓar katunan da kansu, ta ce kowa ya je kallo, idan wuta ta dawo za ta kwafa ta mayar. A garin nan mutum ba ya rabuwa da katinsa. Ba ka wuce shingen 'yan sanda babu shi, ba ka hawa jirgin ƙasa, idan kuma ya ɓace kana iya shekara kana jiran sabo. Amma ita suna ba ta.

Sha biyu saura, Nana Hadiza mai ƙosai ta zo. Ta kwance nata daga bakin zane, a naɗe cikin leda biyu.

Ta ce, "Ki riƙe min shi da kyau, 'yar nan. Laraba zan hau jirgi zuwa Ngaundere. 'Yata Khairiyya ta shiga watanta, kuma na fari ne."

Sa'ida ta ce, "Kafin la'asar yana hannunki, Nana."

Ina tsaye a wurin. Na ji da kunnena.

Ƙarfe ɗaya na koma gida. Uku da rabi aka fara ruwa. Huɗu da minti goma wuta ta dawo. Na san lokacin don fanka ta tashi na dubi agogo. An gaya mini daga baya cewa ruwa ya taru a ƙarƙashin rumfar, ita kuma ta sunkuya ta ɗaga mahaɗin wayar daga cikinsa, tana ganin ai babu wuta. Wutar ta kama ta. Likita ya ce kafin a iso da ita asibiti ta cika.

An binne ta Lahadi da safe. Sulaiman ya kawo jakar, na rataye ta a bayan ƙofar ɗakinta, na ja ƙofar.

Kwanakin zaman makoki ban riƙe su ɗaya bayan ɗaya ba. Ana shigowa, ana addu'a, ina amsawa. Ina cin abin da aka ajiye mini. Mutanen jam'iyya sun zo da motoci biyu, ɗayansu ya yi jawabi, ya kira ta Sa'adatu. Nana Hadiza tana zuwa kullum da hantsi da kwanon kunu, ta zauna kusa da ƙofa, ta tashi da azahar. Ta zo Talata. Ta zo Laraba. Na gan ta ranar Larabar, na gode mata da kunu, ban tuna komai ba.

Rana ta goma sha uku Sulaiman ya yi sallama, ya ƙi zama.

Ya ce, "Mama, ki gafarce ni. Katunan mutane suna cikin jakar."

Na tambaye shi guda nawa.

"Sha huɗu."

"Ba wanda ya tambaya."

"Nana ce ta hana. Ta ce duk wanda ya buɗe baki a gidan nan kan maganar kati, ita da shi har abada. Yau ma ba ta san na zo ba."

Shi ya gaya mini Khairiyya ta haihu tun Juma'ar da ta wuce, da tiyata, an kuma yi suna babu uwarta. Rajista ma an rufe.

Na shiga ɗakin. A cikin jakar akwai littafin sunaye, biro uku, rabin fakitin biskit, da katunan ɗaure da roba, jere yadda aka kawo su. Ruwa bai taɓa su ba.

Sulaiman ya ce zai raba. Na ce a'a. Kwana biyu na yi ina bin gidaje da littafin a hannu, har unguwar Nylon inda mutum biyu suke. Kowa ya karɓa da hannu biyu, ya yi mata addu'a. Malam Zaidu ya ce ba komai, ai bai ma lura ba. Matarsa ce ta faɗa mini a zaure cewa mako biyu ke nan bai je sarin nama da kansa ba, don hanyar akwai shinge.

Gidan Nana Hadiza na bari ƙarshe, ko da yake shi ya fi kusa. Na same ta tana wanke wake. Ta goge hannu, ta karɓa, ta duba hoton, ta fara naɗe shi.

Na ce, "Nana, me ya sa ba ki faɗa ba? Ina wurin da kika ba ta."

"In ce miki me, Malama? Ki tashi daga kan tabarma ki shiga ɗakinta ki buɗe jaka?"

"Khairiyya ta haihu ita kaɗai."

"Da uwar mijinta. Ba ta iya wankan jego ba, amma tana nan." Ta ɗaure bakin zanen. "Jaririn ba guduwa zai yi ba."

Na tsaya. Ta ce in zauna, na ce ina da aiki. Ta hau jirgi ranar Litinin, ta yi wata biyu a can.

Littafin sunayen na ba Sulaiman. Ya ce idan an sake buɗe rajista a Janairu zai raka mutanen, ban bincika ko ya yi ba. Kwamfutar ofishinsu da ke wurinta an aiko direba ya ɗauka, na sa hannu. Tufafinta na raba wa 'ya'yan ƙanwata, littattafanta na kai lise. Wayarta na kashe bayan wata ɗaya, don har lokacin ana kira ana neman mai cike takarda. Takalmanta lamba talatin da shida ne, ba su shiga kowa a dangi ba. Suna ƙarƙashin gado.