Jan Shafi a Bargon Fermin

Donya Eulogia mai kyandir ba ta san zama ba. Shekara da shekaru muna katanga ɗaya a unguwar San Telmo, ban taɓa ganin ta sha mate, shayin ƙasarmu, a zaune ba. A tsaye take zuƙa, hannu na juya kitsen kyandir a tukunya, baki na faɗa da mahauta. Kogi ya cinye mijinta tun tana da sauran ƙuruciya, bai bar mata ɗa ba, sai tukwane. Kuma matar nan ba ta yar da komai. Guntun lagwani, fasasshen kwano, ƙashin da kare ya ƙi, duk tana da inda take cusa su. Nakan ce mata, "Ƙawata, ranar da kika mutu sai an kwashe tarkace a amalanke kafin a kai ga gawarki." Sai ta ce in ji da miyata da ba gishiri.

Zuwan sojan Ingila na farko, sun shigo garinmu Buenos Aires kamar gidan ubansu, har da kafa tuta. Ba su daɗe ba aka yi musu taron dangi, suka ajiye bindiga. Washegari Eulogia ta tsinci ɗayansu a bayan mayanka, cinya a fashe, yana rawar ɗari, ta sa aka ɗauko mata shi. Na ce ta haukace. Ta ce mutum ma ai ba a yar da shi.

Sunansa Fergus, ɗan ƙasar Ailan, bakinmu ya kasa, muka mai da shi Fermin. Ashe ɗarikarmu ɗaya, har ya fi ni zuwa coci. Da aka tattara fursunoni za a tura su can cikin ƙasa, ta ɓoye shi a ɗakin kitse, shi ma bai sake neman rundunarsa ba. Ya koyi tsoma lagwani, ya koyi zaginmu kafin gaisuwarmu, yana kiranta Mama. Ita kuwa jan biri take ce masa, amma tsokar da ta fi laushi kwanonsa take faɗawa. Ina faɗa da babbar murya, son yaron nan take kamar ita ta haife shi.

Sai jar rigarsa ta soja. Fada, limamin cocinmu, ya ce a ƙona, ni ma na ce a ƙona. Eulogia ta shafa, ta ce ulu irin wannan ba a samunsa a kasuwarmu, ta ninke ta tura ƙasan akwati.

Shekara na zagayowa labari ya zo sojan Ingila sun dawo, jiragensu sun cika kogi, sun riga sun ci garin Montevideo da ke tsallaken kogin. Fermin ya gaya mana ba ɓoye-ɓoye, in suka ci garin nan, duk wanda ya gudu daga soja rataye shi za su yi. Tun daga ranar Eulogia ta koma kamar kaza mai neman wurin ƙwai. Ta hau soro ta leƙa kogi, ta sauko, ta je kasuwa jin labari, ta dawo ta sake hawa. Kitse ya ƙone mata a wuta, abin da bai taɓa faruwa ba. Ta roƙe shi ya gudu karkara wurin makiyaya, ya ce ba zai bar ta da tukwane ita kaɗai ba. Ga sanyin Yuli, lokacin hunturunmu, da yayyafi, ga tari ya kama shi. Da hannunta ya rasa abin yi, sai ta ciro rigar nan, ta warware ɗinkin, ta yi wa bargon kafaɗarsa, irin wanda ake zurawa ta wuya, shafi da ita daga ciki. Daga waje ruwan toka ne, kamar na kowa.

Na ce, "Eulogia, ja? A wannan lokacin?"

Ta ce, "Wa zai leƙa cikin bargon mutum? Ke ba kya jin tarinsa ne?"

Ranar da suka shigo, da sassafe duk gari yana kan soro. Suka taho a jere ta matsattsun titunanmu, mu kuwa muka sakar musu duwatsu da tafasasshen ruwa, Eulogia da kitsenta mai zafi. Masu bindiga na kwance a bayan katangun soraye, magana ɗaya aka ba su: duk abin da ka gani ja, harba. Sojan Ingila suka yi ta dukan ƙofofi, ƙofofin suka ƙi, gaba ba hanya, baya ba hanya. Fermin na hawa da tukwane yana sauka, Eulogia na binsa da faɗa ya sunkuyar da kai.

Rana ta karkata, suka fara ja da baya. Fermin ya taka bakin katanga, ya ɗaga wani ƙaton dutse da hannu biyu. Iskar kogi ta taso ta kifa masa bargon a kafaɗa, jan ya bayyana ɓaro-ɓaro. Wani a soron da ke tsallaken titi, har yau ba mu san ko wane ne ba, ya ɗauka abokan gaba sun hau mana. Harbi ɗaya ya yi.

Fermin ya faɗi, Eulogia ta tallabe kansa. Da ƙyar ya ce, "Mama, sun ci garin?"

"Ba su ci ba, ɗana. Ba mai rataye ka."

Kuma gaskiya ta faɗa, ba su ci ba. Manyansu suka miƙa wuya, suka kwashi jiragensu, coci-coci suka yi ta kaɗa ƙararrawa, ana rawa a titi, mu muna binne Fermin. Bayan nan ta ɗauki bargon ta nufi kogi, na bi ta a baya don zuciyata ba ta kwanta ba. Ta daɗe a bakin ruwa tana kai da komo, ta ɗaga hannu za ta jefa, ta sauke. Ta kasa. Sai ta juya shi, jan ya koma waje, ta zura a wuya.

Haka ta ci gaba da yawon sayar da kyandir, rani da damina, har ta tsufa tukuf. Duk wanda ya tsayar da ita ya tambayi dalilin jan bargo, amsa ɗaya take bayarwa: "Ni na ɗinka." Ba ta tsayawa jin abin da za ka ce.