Ruwan da ke Ƙarƙashin Ƙafar Baba

Shekarun baya, tun Haramin Madina bai kai girman da kuke gani yanzu ba, muna zaune a Ranuna, can wajen Ƙuba, ni da maigidana da mahaifina. Mahaifiyata ta riga ta rasu, shi ya sa muka ɗauko Baba ya dawo wurinmu. Ni kuwa ba mai fita ba ce. A bar ni da tsakar gidana da rediyona da wanda zan cika da surutu, an gama min komai. Karatu ban yi nisa ba, amma kunne kam Allah ya ba ni. Ina kicin nake gane maƙwabciyar da ta shigo daga yadda take jan silifas.

Maigidana yana tuƙa wata tsohuwar wanet, wato akori-kura a bakinmu na gida. Da ita yake kwaso dabino da ciyawar barsim ta awaki daga gonakin Ƙuba ya kai kasuwa. Duk mako tana cikin ƙura da ganye. Amma ranar Juma'a da hantsi sai ya tuɓe riga, ya ɗebo ruwa bokiti-bokiti ya yi ta sheƙa mata, ya ce ba zai ɗauki surukinsa a motar awaki ba. In ta yi fes sai Baba ya fito cikin farar jallabiyarsa mai jan ƙasa, da huffi a ƙafa, ya zauna gaba, su tafi Harami.

Baba a ƙasa ya zo ƙasar nan tun yana saurayi, ta Sudan, yana tafe yana ƙwadago. Da ya tsufa, ido ya yi rauni, ƙafafu suka daina jin taɓi sosai, abin da ya rage masa na jin daɗi a duniya shi ne wannan Juma'ar a masallacin Manzon Allah. Tun Laraba yake fara tambayata ko an goge masa riga.

To wata Juma'a suka dawo, na karɓi jallabiyar zan wanke, sai na ga bakinta na ƙasa a jiƙe, da wani shatin rawaya-rawaya. Na ce ko wurin alwala ne. Mako ya zagayo, haka. Wani makon ma haka.

Ashe shi ma maigidana yana ganin ruwa kwance a ƙasan motar, daidai inda Baba yake ajiye ƙafa. Ɓangaren direba kuwa a bushe ƙarau. Ya duba lagireto, ruwansa bai ragu ba. Ya bi robar gilashi da yatsa, lafiya lau. Ruwan sama kuma mun manta rabon da mu gan shi. Wata ranar Litinin ya kai ta warsha, wato garejin gyara, bakanike ya leƙa sama ya leƙa ƙasa ya ce bai ga komai ba, in ta sake a kawo ta da ruwan a ciki. Ya tambaye shi ruwan wane iri ne, yana da wari? Maigidana ya ce bai sani ba. Gaskiya ya faɗa. Wa zai sunkuya ya shinshina inda surukinsa ya tashi?

Sai da abin ya ishe shi ya same ni a kicin, ya tsaya yana ta juya murfin tukunya.

Ya ce, "Uwargida, ina so in tambaye ki wani abu, amma kar ki ɗauke shi da nauyi."

Na ce, "Tun da ka fara taɓa min tukunya ai na san da magana."

"Baba... lafiyarsa ƙalau kuwa? Ina nufin wajen kewayawa."

Ni ma abin da ke raina ke nan. Baba ya fara yawan zagayawa bayan gida, irin na tsufa. Ruwan nan kuma ba ya zuwa Asabar, ba ya zuwa Talata, sai Juma'a, sai kuma gefen Baba. Muka dubi juna, kowa ya kawar da kai. Ba wanda ya furta kalmar, amma mun yanke hukunci.

Nan maigidana ya yi abin da yake gani rufin asiri ne. Ya samo leda babba ya shimfiɗa a kujerar da ƙasanta, ya rufe da darduma. Baba idonsa ne ya yi rauni, hankalinsa garau. Yana zama ledar ta yi ƙara. Ina bakin ƙofa na ji, na kuma ga ya ɗan ɗaga gefen dardumar ya shafa. Ya mayar da ita ya gyara zama. Suka tafi suka dawo.

Juma'ar da ta biyo na kai masa riga a goge, ya ce in mayar.

"Uwata, yau ƙafar nan ta matsa min. Ku ce masa ya tafi kawai." Sunan mahaifiyarsa gare ni, haka yake kirana.

"Baba, ƙafar da ka taka har shagon mai burodi jiya?"

"Ita fa. Ciwo ai ba ya sallama."

Haka aka jera makonni. Shayin safe ma ya rage sha. In an fara kiran salla sai ya shige ɗaki ya turo ƙofa, ina jin jan carbinsa. Mutumin da ya ratso ƙasashe a ƙafa don garin nan, ga Harami kusa, ya hana kansa zuwa, don yana ganin zai shiga da najasa a riga bai sani ba. Shi bai faɗa ba, mu ba mu tambaya ba.

Abin da ya warware maganar, haihuwa ce. Wata ƙawata a unguwar Anbariyya ta sauka, aka ce lallai in je barka, maigidana ya ce ranar Juma'a zai sauke ni kafin ya wuce masallaci. Ya wanke motar kamar kullum, don hannunsa ya saba. Na shiga na zauna a wurin Baba.

Muna fita daga lungu ya karya kwana, sai na ji wani abu, culum, kamar an girgiza tulun da bai cika ba.

Na ce, "Malam, ka ɗauko jarka ne?"

"Wace jarka?"

"To akwai ruwa a motar nan. Ga shi nan gabana, bayan akwatin da kake zuba takardu."

Ya ce, "Ke da kunnenki! Ƙarar inji ce."

"Inji ba ya cewa culum. Kashe rediyon."

Ya kashe. Muka iso wani shataletale, motar ta kwanta gefe, sai ga ruwa mai sanyi shaaa a kan yatsuna. Ni silifas ne a ƙafata, ba huffi ba. Na ƙwalla ƙara har ya taka birki, na baya suka yi ta danna mana oda. Na dangwalo ruwan na kai hanci, ni da ba surukar kowa ba a motar. Warin tsatsa ne da ruɓaɓɓen ganye, har da kumfar sabulu.

Na ce, "Malam, ko dai ni ma tsufan ya kama ni yau, ko kuma mun ɗauki alhakin bawan Allah."

Ya kifa kai a sitiyari yana ta salati. Barkar da ban je ba ke nan ranar, ƙawata har ta yi fushi.

Bayan La'asar muka tsaya a kan motar. Na cusa kaina ƙarƙashin akwatin takardun, ƙafafuna a waje, ko kyan gani babu. Ya zuba ruwa a rufin, shiru. Ya zuba a ƙofa, shiru. Da ya sheƙa a gilashin gaba sai na ji ruwan yana gangarawa cikin wata raga ta ƙarfe da ke tsakanin gilashi da bonet, wajen gindin waifa, yana taruwa, ba ya fita. Na ce ya tsaya, nan ne. Ya kwance ragar. Ashe wani kwaroro ne a ciki, mai 'yan ramuka a gefe da ruwa ya kamata ya bi ya zube ƙasa. Ramukan sun toshe tam da ƙura da ganyen barsim da ƙwallayen dabino, waɗanda shi da kansa yake ci yana tuƙi yana jefarwa ta taga. Ruwan wanki sai ya kwanta a ciki, in an sha kwana ya malalo ta hanyar iska zuwa gefen fasinja. Kafin Asabar zafin Madina ya busar da sauran.

Saura faɗa wa Baba, kuma ba a faɗa masa kai tsaye, don faɗar ma tonon asiri ce. Sai maigidana ya je ƙofar ɗakinsa ya durƙusa.

"Baba, motar nan ta ba ni wahala, ruwa take zubarwa a ciki. Yau har ta jiƙa wa 'yarka ƙafa. Ko za ka zo ka sa mana ido?"

Baba ya fito a hankali. Aka ba shi buta, ya zuba a gilashin da hannunsa, aka jijjiga motar, ya sunkuya ya tara tafinsa a ƙasa har ruwan ya cika shi. Ya daɗe a haka. Sannan ya miƙe ya yarfe hannu.

Ya ce, "Tayyib, ya yi kyau. To ka zaɓi ɗaya, ko ka daina ba ta dabino, ko ka riƙa yi mata wanka ran Alhamis."

Muka yi dariya har da hawaye, kowa ya san ba ta dabino ba ce. Aka zaƙulo dattin da waya, ruwa ya zubo ta bayan taya, shi ke nan. Juma'ar da ta zo tun hantsi Baba yana cikin mota yana jiran direba.

Bai taɓa tayar da maganar ba sai a ciwonsa na ƙarshe. Ina ba shi kunu ya ce, "Uwata, kin san duk Juma'ar da na yi da jiƙaƙƙiyar rigar nan, sai da na rama ta da sallar Azahar a ɗaki?" Ya faɗa yana murmushi.

Har yau ina son kunya, da ita aka raine mu, ita na koya wa 'ya'yana. Amma mu uku muna gida ɗaya, kowa yana kare mutuncin wani, muka bar tsoho shi kaɗai da zargin kansa. Yanzu in na ga wani nawa ya janye daga abin da yake so ba dalili, ba na jira. Nakan ja kujera kusa da shi, in rage murya, in tambaya.