Magaryar Inna

Tun ina yarinya na san ƙullin nan. A ƙasan akwatin Inna yake, kusa da farin yadin da ta tanada don likkafaninta: busasshen ganyen magarya ne da ta tsinko da hannunta a gidansu na garin Dogo, ta ce da shi za a yi mata wankan gawa. Ba ta ɓoye wa kowa ba. Ni kuwa ko akwatin ba na son kallo.

Da daminar da masassara ta kama ƴata ta fari, muna zaune a unguwar Kara-Kara ta Damagaram, Inna tana wurina. Yarinyar ba ta kai shiga lakwal ba, wato makarantar boko. Mun je likita, an yi mata pikir, wato allura, an ba mu ƙwayoyin kinin, aka ce mu koma gida mu jira. Jiran ne ya fi ƙarfina. Jikinta kamar garwashi, tana firgita, tana nuna bango tana cewa a kore su.

Bayan azahar na ji ƙarar turmi. Na leƙa, sai ga Inna tana daka ganye, ƙullin nan a kwance a gefenta.

"Inna, me kike yi?"

"Ruwan tofi zan haɗa wa ƙawata," ta ce. Haka take kiran jikarta.

"Da ganyen gawa? Magarya ta ƙare a Damagaram ne? Bari in aika a tsinko ɗanye!"

"Ta bakin titi, wadda ta sha hayaƙin kabu-kabu? Wannan shekara da shekaru ina karanta mata ayoyi. Ɗauko mini ƙwarya, ke dai."

Tsoro nake ji ƙarara: a ce abin da aka ajiye wa mutuwa ya taɓa jikin ƴata, kamar mun nuna mata ƙofa ke nan. In kuma na hana, wani abu ya faru, da wane ido zan dubi Inna? Na ɗauko ƙwaryar na miƙa mata.

Ta zuba garin a ruwa, ta kaɗa har ya yi kumfa, ta yi ta karatu tana tofawa. Ni na riƙe yarinyar. Inna ta fara daga dama, sai na tuna haka ake fara wa gawa, na rufe ido. Ƙamshin ganyen ya cika ɗakin, ina jin numfashin yarinyar a wuyana, ina tsoron kada ya tsaya.

Masassarar ba ta sauka ranar ba, sai da muka sake komawa likita. Ban san wanne ya yi aiki ba, ban kuma tambaya ba. Ranar da yarinyar ta nemi kunu da bakinta, na tarar da Inna tana ɗaure abin da ya rage, bai fi cikin tafi ba. Na ce zan je Dogo in ƙaro mata.

"Bar shi," ta ce. "Wane jiki gare ni? Ya isa."

Ya isa ɗin kuwa. Ƙawarta ce ta daka shi, bara da Inna ta rasu, tana kuka.